Amanar Yumɓu

Tukwane iri biyu ne ke iya isa shingen Magamar Jibiya, inda hanyar Katsina ta miƙe zuwa Ɗan Isa da Maraɗi. Ta farko sabuwa ce, wadda maginiya ta gasa a makon jiya, aka shimfiɗa mata ciyawa a bayan amalanke don kada ta fashe. Babu jami'in da zai ɓata lokacinsa a kanta. Iyakarsa ya leƙa cikinta ya ga ko an ɓoye wani abu. Ta biyu tsohuwa ce, tsagaggiya, ko ruwa ba ta riƙewa, ta shekara dubu biyu kwance a ƙarƙashin ƙasa. Ita wannan doka ta tsaya a kanta. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana sayar da irinta ga kowa in ba wakilin hukuma ba, ta kuma hana ƙetarar da ita ba tare da takardar izini ba. Wadda ke da amfani ta wuce salin-alin, wadda ba ta iya dafa ko wake kuwa ta zama abin tsaro.

Tambayar da nake son mu zauna a kanta ita ce: ta wa ce wannan tsohuwar tukunya? Ta manomin da garmarsa ta ci karo da ita ce, ko ta gwamnati, ko ta attajirin Turai da zai saka ta cikin gilashi, ko kuwa ta mamacin da aka binne ta tare da shi? Kuma idan mai jin yunwa ya tono ta ya sayar, wa ya zalunta, tunda mai ita ya zama ƙasa, kuma babu magajin da zai kai ƙara?

Ya kamata mu fara sanin abin da ke ƙarƙashin ƙafafunmu. A 1928 masu haƙar kuza suka tono wani ɗan kai na gasasshen yumɓu kusa da ƙauyen Nok, a kudancin Jihar Kaduna ta yau. A 1943 aka kai wa Bernard Fagg wani kan daga Jama'a, bayan mai shi ya yi amfani da shi a gonar doya yana korar dabbobi. Daga nan duniya ta san al'ummar Nok. A Nijar kuma, a 1975 aka gano maƙabartar Bura a yankin Tera, masani Boubé Gado ya tona ta bisa ƙa'ida a 1983, ya samu ɗaruruwan tuluna a kife a kan kaburbura, wasu da siffar kai, wasu da ta mahayin doki. Akwai kuma mutum-mutumin da kasuwar duniya ke kira na Katsina da na Sakkwato. Sunan ƙasarmu suke ɗauke da shi, amma akasarinsu ta hannun 'yan tono suka fito, babu wanda ya rubuta ramin da aka ciro su ko abin da ke kusa da su. A shekarar 2000 Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta saka su duka, na Nok da na Katsina da na Sakkwato da na Bura, cikin jan jerin kayan da aka fi wawashewa a Afirka.

Don mu gane girman abin da ake asara, sai mu yi doguwar tafiya zuwa gaɓar tekun arewacin Peru, a Kudancin Amurka. A can wasu mutane da ake kira Moche suka rayu daga wajajen shekara ta 100 zuwa ta 800 Miladiyya, a cikin hamadar da koguna ke ratsawa, suna noman rani da magudanan ruwa. Ba su bar rubutu ba. Abin da suka bari shi ne tukwane. Kamar maginanmu, ba su san faifan juya yumɓu ba. Da hannu da zubi suke gini. Sun ƙware wajen wata buta mai hannu kamar likkafa, bututu biyu su tashi daga jikinta su haɗe a sama su zama baki ɗaya. Wasu butocin kawunan mutane ne sak, har da tabo a leɓe, ta yadda masana suka iya bin fuskar mutum ɗaya daga ƙuruciya zuwa manyanta. Wasu kuma an shafe su da farar ƙasa, aka zana musu siraran layuka da jar ƙasa: masunta, maharba, mayaƙa, masu gudu, marasa lafiya. Can kudu da su, mutanen Nazca sun yi nasu adon da launuka fiye da goma, duk kafin a saka tukunya a wuta.

Akwai wani zane da ya yi ta maimaituwa a jikin butocin Moche: wani babban mutum da hula mai siffar jinjirin wata, ana miƙa masa ƙoƙo, ga fursunoni a ƙasa. Shekaru da dama ana ɗaukar wannan a matsayin tatsuniyar allolinsu. A Fabrairun 1987 'yan tono suka fasa wani kabari a tudun Huaca Rajada kusa da ƙauyen Sipan, suka kwashe zinariya. 'Yan sanda suka kira masani Walter Alva, ya tsare wurin, ya ci gaba da tono sannu a hankali. A cikin wannan shekara ya kai ga kabarin da ba a taɓa ba. Mutumin da ke ciki an binne shi da hula da ƙararrawa da sanda irin waɗanda ke jikin zanen, ga tukwane fiye da dubu a kusa da shi. A 1991 aka samu kabarin wata mace a San José de Moro da irin hular matar da ke cikin zanen, har da ƙoƙonta. Ashe maginan Moche labarin abin da idanunsu suka gani suke bayarwa.

Darasin a nan shi ne, butar da ke kan kantar attajiri hoto ce kawai, butar da aka samu a mazauninta kuwa shaida ce. Kabarin farko da aka wawashe a Sipan mai yiwuwa ya kai na biyu daraja, amma abin da ya rage daga gare shi tarkace ne warwatse a ƙasashe. Wani babban kwanon zinariya na sulken baya sai a 1997 jami'an Amurka suka kama shi a Philadelphia. Zinariyar ta dawo. Labarin wanda ya ɗaura ta bai dawo ba, kuma ba zai dawo ba.

Mu ma muna da namu misalin. Masu bincike daga Jami'ar Frankfurt sun fara aiki a ƙasar Nok tun 2005, suka nuna cewa mutanen sun zauna a can tun wajajen shekara 1500 kafin Miladiyya, kuma gero ne cimarsu. A 2021 aka bayyana cewa an samu ragowar kakin zuma a jikin kusan kashi ɗaya cikin uku na tsingaron da aka samu maiƙo a cikinsa. Tsingaro ne fa, irin wanda ɗan tono ke watsarwa da ƙafa yana neman kai mai tsada. Ko kuma mu dubi Durɓi Takusheyi a ƙasar Mani, kaburburan da ake dangantawa da sarakunan Katsina na farko. Palmer ya tona wasu a 1907, aka sake tona wasu a 1992, aka samu 'yan kunnen zinariya da awarwaron hauren giwa da wuri da duwatsun wuya, da kwanon tagulla mai ƙirar ƙasashen Musulmi na gabas, na wajajen ƙarni na 13 zuwa na 14. Da ɓarawo ne ya ciro wannan kwano, da a kasuwa an rubuta masa sunan wata ƙasa ta Larabawa, da babu wanda zai san ya taɓa kwana a ƙasar Katsina. Darajarsa gare mu tana cikin inda aka same shi.

To, sai dai adalci ya wajabta mu saurari mai tono, domin hujjarsa ba ta banza ba ce. A Jibiya na tashi, na kuma ga abin da rufe iyaka ke yi wa gari. An rufe ta a Agustan 2019, ba a buɗe ta ba sai Afrilun 2022. Aka sake rufe ta a Agustan 2023 bayan juyin mulkin Nijar, har zuwa Maris na 2024. A tsakanin haka 'yan bindiga sun raba ƙauyuka da gonakinsu. Direba da ɗan dako da mai abinci a tasha duk suka zauna hannu rabbana. Ni kaina na gama digiri na dawo gida na iske layin masu jira ya fi na masu aiki tsawo. Wata rana na yi wannan zance da wani dattijo mai haƙar rijiya, wanda ya sha cin karo da tsofaffin tukwane a zurfin gaba uku ko huɗu. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce: “Yaro, ka yi karatu, Allah Ya yi maka albarka. Amma in na tono tulu aka ba ni kuɗin buhun gero, ga jikokina ba su ci ba, mai tulun zai tashi ya ciyar da su?” Na ce: “A'a, Baba, ba zai tashi ba.” Ya ce: “To, ka ga ni zan tashi.”

Duk wanda ya amsa wannan magana da wa'azi daga cikin ofis mai sanyi bai ji ta ba. Hujjoji uku ne a cikinta. Na ɗaya, rai ya fi kaya. Na biyu, tsintuwa ba sata ba ce. Har ma fiƙihunmu ya san dukiyar mutanen jahiliyya da aka binne, wato rikazi, ya ce a fitar da humusi, sauran na wanda ya samu ne ko na mai ƙasar. Na uku, wanda ba a cika furtawa ba amma yana cikin zukata: waɗannan gumaka ne na mutanen da ba addininmu ɗaya ba, me ya haɗa mu da su?

Hujja ta farko gaskiya ce, kuma ita ce ke rage wa mai tono laifi. Amma lalura tana halatta abin da zai kau da ita ne a lokacinta, ba ta mayar da abin sana'a. Wanda garmarsa ta fasa tulu daban, ƙungiyar da dillali ya ɗauka haya ta rairaye kufai guda cikin mako daban. Kuma a wannan ciniki mai tono shi ne ya fi kowa ƙwaruwa: abin da ya karɓa a bakin rami ba ya kai ko ƙurar farashin da za a kira a Faris ko Brussels. Ya sayar da abin da ba ya sake tsirowa don abincin da zai ƙare kafin wata ya mutu. Gero ana shuka shi baɗi. Kufai sau ɗaya ake tona shi.

Hujja ta biyu ma tana da iyaka a cikin fiƙihun kansa. Malaman Malikiyya da suka yi bayanin rikazi su ne kuma suka karhanta tona kaburburan mutanen jahiliyya don neman dukiya. Ibn Khaldun ya ware babi guda a Muƙaddimarsa yana nuna cewa farautar dukiyar da aka binne ba hanyar neman abinci ba ce ta ɗabi'a. Hukuncin humusi ya dace da abin da ake aunawa a sikeli, a raba shi biyar ba tare da ya rasa komai ba. Shaida kuwa ba ta rabuwa. Ka ɗauki littafin ajami na kakanka, wani ya yage shafin da ya fi ado ya sayar, ya bar maka sauran iska na kaɗawa. Mai sayen bai samu littafi ba, kai ma ba ka da shi. Abin da ya salwanta bai shiga aljihun kowa ba. Wannan ita ce irin ɓarnar da ke cikin tonon kufai, kuma shi ya sa kalmar sata ma ta yi mata kaɗan, domin kayan sata ana iya mayarwa.

Hujja ta uku ita ce ta fi buƙatar natsuwa. Adana abu daban, bauta masa daban. Alƙur'ani ya yi ta kiran mutane su yi tafiya a bayan ƙasa su dubi yadda ƙarshen waɗanda suka gabace su ya kasance, kuma ba a duban abin da aka shafe. Abdullaɗif al-Baghdadi, malamin da ya zauna a Masar wajajen shekarar 1200, ya siffanta gine-ginen Fir'aunoni da idon mai neman izina, ya kuma soki masu farfasa su don kwaɗayin dukiya. Ban da haka, wanda ya murza yumɓun nan ɗan Adam ne. Ya ji ƙishirwa, ya haifi 'ya'ya, ya binne uwarsa, ya ga bai dace ta tafi hannu wofi ba. A jikin wasu tukwanen har yau ana ganin sawun babban yatsan maginiya. Ba sai jininmu ɗaya da ita ba kafin mu ji nauyinta. Maƙwabtaka ma tana da haƙƙi, kuma mu maƙwabtanta ne a ƙasa, zamani ne kawai ya shiga tsakani.

Sai mai saye. Shi cewa yake yi ceto yake yi: a wurinsa kaya ba sa lalacewa, duniya na ganinsu, alhali a gidajen tarihin Nijeriya an sha yin sace-sace a shekarun 1980 da 1990. Wannan zargi na ƙarshe gaskiya ne, kuma abin kunyarmu ne. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kuɗin mai saye ne ke kai diga bakin kufai. Bayan baje kolin kayan kwarin Neja da aka buɗe a Faris a 1993, inda Turai ta ga tulunan Bura, sai 'yan tono suka afka wa maƙabartun yankin. Yabo ya zama sammaci. A Afrilun 2000 kuma gidan tarihin Louvre ya baje biyu daga cikin mutum-mutumi uku na Nok da na Sakkwato da Faransa ta saya daga wani dillali, duk da cewa dokar Nijeriya ta hana fitar da su. Bayan ce-ce-ku-ce, a 2002 Faransa ta amince cewa na Nijeriya ne, Nijeriya kuma ta bar mata su aro na shekara 25. Mai kaya ya ara wa wanda ke riƙe da su abin da bai taɓa dawowa hannunsa ba. Wanda ya tura a sare itace ba zai ce shi ne ya ceci inuwa don ya ajiye reshe a ɗakinsa ba.

Saura gwamnati, kuma a nan ne zama a bakin iyaka ke koya wa mutum abin da littafi ba ya koyarwa. Layin da ya raba Jibiya da Ɗan Isa yarjejeniyoyin Ingila da Faransa ne suka shata shi, daga 1898 zuwa 1906, aka kafa masa alamomi zuwa 1908. Sarautar Maraɗi kanta Katsinawan da suka bar birni bayan jihadi ne suka kafa ta, har yau mai riƙe da ita Sarkin Katsina ake ce masa. Tukunyar da aka binne shekara dubu biyu da suka wuce ba ta san Nijeriya ba, ba ta san Nijar ba. Idan an tono ta taku ɗari arewa da shinge ta zama ta Yamai, taku ɗari kudu ta zama ta Abuja. Ashe ke nan haƙƙin gwamnati a kanta ba na gado ba ne. Haƙƙi ne irin na wanda aka bar wa riƙo.

Nan amsata ta tsaya. Tsohuwar tukunya ba ta da mamallaki a cikin masu rai, amana ce. Ta fi kama da dukiyar maraya. Wasiyyi yana riƙe da ita, yana kula da ita, amma ba shi da ikon cinye ta ko sayar da ita don buƙatar kansa. Marayun a nan su ne waɗanda ba a haifa ba tukuna, masu tambayoyin da ba mu san yadda ake yin su ba. Fagg bai san za a zo a gano zuma a jikin tsingaro ba. Da ya zubar da abin da ba shi da kyan gani, da ya rufe ƙofar da bai san da ita ba. Duk wanda hannunsa ya taɓa tukunyar, daga manomi zuwa dillali zuwa jami'in kwastan zuwa minista, wasiyyi ne na ɗan lokaci. Kuma nauyin kowa gwargwadon saninsa ne da wadatarsa: mafi ƙarancin laifi na mai yunwa ne, mafi girmansa na ƙosasshen da ya san abin da ake rusawa ya kuma biya a rusa.

Amma amana tana da tsada, kuma zalunci ne a ce talaka kaɗai zai biya. A Sipan ɗaya daga cikin jagororin masu tonon ya mutu da harsashin 'yan sanda a 1987, mutanen ƙauyen suka daɗe suna kallon masu bincike a matsayin ɓarayi masu takarda. Abin da ya fara sanyaya zukata shi ne ganin kayan sun tsaya a yankinsu: gidan tarihin Lambayeque da aka buɗe a 2002, da wani a gindin tudun kansa a 2009, da aikin yi da baƙi ke kawowa. Idan muna son dattijon nan mai haƙar rijiya ya kai rahoto maimakon ya kira dillali, dole rahoton ya kasance da lada. A bi ta hannun mai unguwa da dagaci da hakimi, waɗanda su ne suka san kowane kufai da sunansa. A rubuta sunan wanda ya samu a jikin allon baje koli. A ɗauki 'ya'yansa aikin tono da gadi. A koya wa jami'an iyaka bambancin sabon tulu da tsoho. Kuma gidan tarihin Katsina da na Boubou Hama a Yamai su riƙa aron juna kaya, tunda mutanen da suka gina su ba su san shinge ba.

Akwai kuma gwajin da ya fi waɗannan duka kusa da mu. Hoton Ladi Kwali na bayan takardar naira 20, tana ginin tukunya. Amma maginiyar da ke zaune a gefen kasuwar Jibiya da tulunanta, ita muke taya wa kaya kamar muna yi mata alfarma, mu wuce mu sayi roba. Randar kakata tana kusurwar tsakar gida bisa jiƙaƙƙen yashi, ruwanta da sanyi ko a tsakiyar bazara, kuma zanen da ke wuyanta wata mace ce ta yi shi da tsinke, ba don ya ƙara wa ruwa daɗi ba, sai don ta ga bai kamata abin da mutum zai sha daga gare shi kullum ya zama ba ado ba. Niyyar da ta motsa hannunta ita ce ta motsa na maginin Moche da na Bura. Al'ummar da ba ta ga darajar wannan a hannun mai rai ba, da wuya ta tsare shi a kabarin mamaci. Za ta jira ne sai baƙo ya saka masa farashi, sannan ta gane tana da abin sayarwa.

Mu ma wata rana kufai za mu zama. Wani zai zo da ɗan cokalinsa ya bi gidajenmu taki-taki, yana ƙoƙarin gane me muka ci, me muka ji tsoro, wa muka so. Muna fata ya zama mai haƙuri, ya bar kowane abu ya faɗi abin da ke bakinsa kafin ya ɗaga shi. Wannan haƙurin da muke roƙo daga wanda ba mu sani ba, shi ne bashin da waɗanda ba su san mu ba suke bin mu yau.